BASHIN KARATU: AN BA MU DA DAMA, AN KARƁE DA HAGU

Jama'a, tun ran 24 ga watan Mayu 2024, watau ranar da aka buɗe ƙofar neman bashin karatu, kunnuwanmu ba su huta da kirarin da mahukunta su ke yi wa kansu ba. Duk wanda ya miƙe a cikinsu sai ya ce yanzu ɗan talaka ya sami gata, ba sauran yaron da zai bar Jami'a saboda rashin kuɗi. 'Yan amshin shata kuwa sai tafi. To, mun ji. Amma tun da ya ke 'ya'yanmu da ƙannenmu ne su ke sa hannu a kan bashin nan, su ne kuma za su biya shi da guminsu, wajibi ne mu zauna mu warware maganar zare-zare, mu ga abin da aka ba mu da abin da aka karɓe.

Maganarmu guda ɗaya ce. Nauyin Jami'a a wuyan Gwamnati ya ke tun asali. Yanzu ta sauke shi a hankali, ta ɗora a kan yaron da bai ko fara cin albashi ba, sa'an nan ta juyo tana jira ya yi mata godiya.

WA YA KAWO CIWON?

Kafin a yabi mai magani, sai a tambaya wa ya kawo ciwon. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Ran 12 ga Yuni 2023, mako biyu kacal bayan wancan jawabi, ya sa hannu a kan dokar bashin karatu. A cikin wannan shekara ɗin kuma Jami'o'in Gwamnatin Tarayya suka bi juna suna ƙara kuɗin rajista. A Jami'ar Legas yaron da ya ke biyan wajen naira 19,000 aka ce ya kawo fiye da 100,000, mai koyon likita kuwa 190,000 da 'yan kai, sai da ɗalibai suka fita titi kafin a ɗan rage. A Jami'ar Bayero ta Kano ƙarin ya yi tsanani har Gwamnatin Jihar Kano ta fitar da naira miliyan 700 domin ta biya wa ɗalibai 7,000, gudun kada su koma gida.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci Fadar Shugaban Ƙasa ta fito ta ce karatu a Jami'o'in Tarayya kyauta ne har yanzu, abin da aka ƙara ba kuɗin karatu ba ne, 'yan kuɗaɗen rajista ne da na ɗakin kwana da na ɗakin gwaje-gwaje. Kai! Uban yaro da ya sayar da akuya biyu da buhun masara, me ya dame shi da sunan da aka rubuta a kan rasit? In dai karatun kyauta ne, bashin na biyan mene ne?

Ba mu ɗora laifin duka a kan shugabannin Jami'o'i ba. Abin da Gwamnati ta ke ba su domin tafiyar da makaranta ba ya isar su ko kuɗin wuta, balle da aka ɗaga farashin lantarki na manyan masu sha zuwa naira 225 a watan Afrilu 2024. An matse su, su kuma suka matse na ƙasa da su. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami, ƙaramin kuwa shi ne ɗalibi.

DOKA BIYU CIKIN WATA GOMA

Wanda ya ke so ya san yadda mahukuntan nan suka san talaka, ya duba dokarsu ta farko. Ta ce ba mai samun bashi sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Sa'an nan ta ce wannan matalaucin ya kawo mutum biyu su tsaya masa, kowanne ya zama ma'aikacin Gwamnati mai mataki na 12 ko sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali, ko makamancinsu. Don Allah, ɗan manomin da ya fito daga ƙauyen Gwarzo ko Biu ko Yawuri, ina ya san lauya mai shekara goma? Wane babban ma'aikaci ne zai sa wuyansa saboda yaron da bai taɓa gani ba? Dokar ta ƙara da cewa wanda ya ƙi biya, ɗaurin shekara 2 ne ko tarar naira 500,000. Wanda kuma ubansa ya taɓa cin wani bashi bai biya ba, shi ma an hana shi, watau laifin uba ya hau kan ɗa.

Ko kwabo ba a ba kowa ba a ƙarƙashin wannan doka. Aka yi ta sa rana ana ɗagawa, daga Satumba zuwa Janairu, daga Janairu zuwa Maris. Da suka ga abin ba zai tafi ba, sai suka soke ta, ran 3 ga Afrilu 2024 aka sa hannu a kan sabuwa. Aka cire maganar masu tsayawa, aka cire iyakar samun gida, aka cire laifin uba, aka kafa hukumar da a ke kira NELFUND, aka ce za a riƙa zuba mata kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta Tarayya ta tara. Mun yarda doka ta biyu ta fi ta farko. Amma kowa ya sani, ihun malaman Jami'a da ɗalibai da iyaye ne ya kawo gyaran. Ku riƙe wannan, gama zai yi mana amfani a gaba: dokar da aka gyara sau ɗaya saboda ihu, za a iya gyara ta sau biyu.

YADDA A KE NEMA

Bashin na ɗaliban makarantun Gwamnati ne, Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da na horon malamai, na Tarayya da na jihohi. Ta intanet a ke nema. Yaro zai ba da lambarsa ta JAMB, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da lambarsa ta makaranta da takardar shaidar an ɗauke shi. Sai makarantarsa ta riga ta aika wa hukumar da sunansa kafin ƙofa ta buɗe masa. Kadan aka yarda, kuɗin rajista ba ya shiga hannunsa, makaranta a ke tura wa kai tsaye. Wanda ya nemi kuɗin guzuri kuma, aka yanka masa naira 20,000 a wata, su ne ke shiga asusunsa. Babu kuɗin ruwa a kai.

A takarda abin kamar da sauƙi. Amma mun san ƙasarmu. Yaro nawa ne sunansa a JAMB Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki kuma Muhammadu? Nawa ne mai shagon kwamfuta ya ƙaga musu ranar haihuwa tun suna sakandare? Harafi ɗaya ya saɓa, sai na'ura ta ƙi, na'ura kuwa ba a roƙonta. Yaro ya yi ta safa da marwa tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa, yana kashe kuɗin motar da ba shi da su, domin ya sami izinin cin bashi.

Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya shiga jira. Makaranta ta sa ranar rufe rajista, kuɗin hukuma ba su iso ba. Tilas uba ya ranto a wani wuri ya biya kada yaro ya rasa jarrabawa. Bayan watanni kuɗin su iso makaranta, an biya sau biyu ke nan, sai a shiga bin sawun mayarwa daga wannan ofis zuwa wancan. A shekarar 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa, wadda ita ma ta Gwamnati ce, ta fito ta yi ƙorafin cewa waɗansu makarantu suna karɓar kuɗin ba sa sanar da ɗalibai, har hukumar ICPC ta buɗe bincike. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Amma ku lura, ko kuɗin sun maƙale a hanya, sunan da ke cikin littafin bashi na yaron ne.

Naira 20,000 ɗin nan kuma, mu raba ta kwana 30. Naira 666 ke nan a yini. Da ita yaro zai ci sau uku, ya hau mota, ya sayi sabulu, ya buga takardun darasi, ya sa kati a waya. Ranar da aka yanke adadin, tsadar kaya tana hawa da fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara, a Disamba 2024 ma ta kai 34.8. Duk wanda ya shiga kasuwa ya san abin da naira 666 za ta saya masa.

Har wa yau suna alfahari wai ɗaliban Arewa ne suka fi kowa nema, Jami'ar Maiduguri da ta Bayero suna sahun gaba. Wannan abin kuka ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci a Nijeriya, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa su ke. Inda yunwa ta fi yawa, nan layin bashi ya fi tsawo. Likitan da ya ke murna asibitinsa ya cika maƙil, a binciki hankalinsa.

RANAR BIYA

Kowane manomi ya san bashin damina. Rumbu ya ƙare a watan Yuli, ka je wurin mai hali ya auna maka hatsi, ka jinginar da amfanin da bai ko fid da kai ba. Ranar karɓa fuska a sake, ranar kaka ita ce ranar kuka. Bashin karatu ɗan'uwansa ne, sai dai gonar da aka jinginar ita ce ƙuruciyar yaro.

Ga yadda aka shirya. Shekara 2 bayan yaro ya gama hidimar ƙasa, hukuma tana da ikon binsa. Kadan yana aikin albashi, mai gidan aikinsa zai riƙa cire har kashi 10 cikin 100 tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Kadan sana'ar kansa ya ke yi, shi zai riƙa kaiwa. Kadan bai sami aiki ba, sai ya yi rantsuwa a rubuce cewa ba ya samun kome, a ɗaga masa ƙafa. Wanda ya yi ƙarya a cikin wannan, ɗaurin shekara 3 na jiransa. An wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikaci ya bincika ko ana binsa wannan bashi. Cikin sharuɗɗan da yaro ya ke amincewa da su tun ranar nema kuma akwai izinin a taɓa kuɗin da ke cikin asusunsa na banki in ya saɓa. Yafewa kuwa sai ga wanda ya mutu, ko wanda wata ƙaddara ta hana shi iya biya.

To, mu ɗauki alƙalami. A ƙaddara kuɗin rajista naira 100,000 ne a shekara, guzuri kuma 20,000 sau 12, watau 240,000. Jimla 340,000. A shekara huɗu ya zama naira 1,360,000. Yaro ya fito, Allah ya taimake shi ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka sa hannu a kai a Yuli 2024. Kashi 10 shi ne 7,000 a wata. Zai yi wata 194 yana biya, watau shekara 16 da 'yan kai. Wanda ya fara yana da shekara 27 zai gama yana da 43, a lokacin ɗansa na fari ya kusa shiga nasa layin. Ko da albashinsa 150,000 ne, sai ya yi shekara 7 da rabi. Wannan kuwa in karatun ya ƙare a shekara huɗu ke nan. Mun ga yajin aikin malamai na wata 9 a 2020, da na wata 8 a 2022, duka saboda alkawuran da Gwamnati ta ɗauka ba ta cika ba. Ga mai koyon likita mai shekara shida.

Ɗan minista da ɗan babban sakatare ba za su shiga wannan lissafi ba. Su a ƙasashen waje su ke karatu, ko a Jami'o'in kuɗi. Ranar da suka fito, hannunsu sake, aiki na jiransu. Ɗan talaka kuwa ya fito da takarda a hannu ɗaya, bashi a ɗaya hannun, ga iyaye sun tsufa, ga ƙanne suna kallonsa. An ce musu su yi tsere, ɗaya a kan doki, ɗaya da dutsen niƙa a ka.

Za su ce ai ba ruwa a kan bashin, kuma yadda naira ke faɗuwa, miliyan ɗaya ta yau ba za ta zama kome ba nan da shekara goma. Gaskiya ne, kuma nan ne ramin ya ke. Asusun da ya ke ba da naira mai nauyi yana karɓar mara nauyi, bayan shekara bakwai ko fiye, ba zai iya riƙe kansa ba. Dole kullum sai an zuba masa daga baitulmali. Ranar da wata Gwamnati ta gaji da zubawa, ɗayan biyu ne: ko a gyara doka a sa kuɗin ruwa, ko a rufe shagon. Kuɗin rajistar da aka ɗaga kuwa ba zai sauko ba, gama a ƙasar nan ba mu taɓa ganin farashin da ya hau ya sauko don kansa ba.

AN TAƁA YI

Kada wani ya ce muna duba ne. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai bashi. Ta ba da, ta kasa karɓowa, ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar Bankin Ilmi domin ya gaje ta, shi kuwa ko tsayuwa da ƙafafunsa bai yi ba. Waɗanda suka ci wancan bashi, da waɗanda aka yi wa karatu kyauta har da abinci da wanki, da waɗanda Gwamnatin Jihar Arewa ta biya wa kome tun zamanin Sardauna, daga cikinsu ne aka sami masu mulkinmu na shekarun nan. A 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗaliban ƙasar nan suka tashi gaba ɗaya a kan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi, har aka zubar da jini a Legas da Zariya. Kwabo hamsin! 'Yan wancan zamani sun hau tsani, da suka kai bisa sai suka janye shi.

Mu duba Ingila kuma, inda mahukuntanmu su ke son kwaikwayo. A 1998 aka sa kuɗin Jami'a fam 1,000 a shekara. A 2006 ya zama 3,000, aka ce kada kowa ya damu, akwai bashi. A 2012 ya zama 9,000. Kowane ƙari, bashi ne hujjarsa. A Amurka bashin da ke kan ɗalibai ya wuce dala tiriliyan ɗaya da rabi, akwai masu furfura da ba su gama biya ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk da haka Turawan Ingila sun sa birki biyu. Ba a cire wa mutum ko sisi sai albashinsa ya wuce wani adadi, kuma abin da ya haura adadin kaɗai a ke cire kashi 9 a ciki. Bayan shekara 30 ko 40, abin da ya saura an yafe. Namu sun kwafo bashin, sun bar birkin a can. Jamus kuwa ta gwada kuɗin Jami'a, ta ga ba alheri, zuwa 2014 duk jihohinta sun soke. A Afirka ta Kudu ɗalibai suka tashi a 2015, a ƙarshen 2017 Gwamnati ta mai da bashin 'ya'yan matalauta kyauta.

WAI BABU KUƊI

Kullum amsar ke nan, babu kuɗi. Ƙasashen duniya sun yi shawara a ƙarƙashin UNESCO cewa ilmi ya sami kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da Gwamnati ke kashewa. Kasafin Tarayya na 2024 da na 2025 ko kashi 10 ba su ba ilmi ba. Amma a Yuni 2024 an buɗe sabon gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa a Abuja wanda ya ci naira biliyan 21. Ku raba da 240,000. Guzurin ɗalibi 87,500 ke nan na shekara guda cur, kyauta, ba bashi. A shekarar nan dai aka sayo wa Shugaban Ƙasa wani jirgin sama, kafin nan kuma an raba wa 'yan Majalisa manyan motoci. Ba mu ji an ce za a riƙa cire musu kashi 10 daga albashi ba.

Niyyar ma ta fito fili a ƙarshen 2024, cikin shirin dokar haraji da aka kai Majalisa. An so a riƙa rage rabon TETFund, asusun da ya gina yawancin azuzuwa da ɗakunan karatu da ke Jami'o'inmu, har ya koma babu a 2030, a juya kuɗin zuwa asusun bashi. Asusun nan kuwa gwagwarmayar ƙungiyar ASUU ta 1992 ce ta haife shi. Ma'anar shirin ita ce a daina gina Jami'a, a ba yaro rance ya gina da kansa. Sai da aka yi ca kafin Majalisa ta gyara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

ABIN DA MU KE NEMA

Ba mu ce wa kowane yaro ya ƙi bashin ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma barin karatu ya fi bashi muni. Amma ya ku ɗalibai, ku karɓa da ido buɗe. Ku karanta sharuɗɗan kafin ku amince. Ku daidaita sunayenku a duk takardunku tun da wuri. Wanda zai iya rayuwa ba guzurin, ya tsaya a kuɗin rajista kaɗai, gama guzurin shi ne ya fi kumbura bashin. Ku adana kowane rasit da kowane saƙo. Kadan an biya wa makaranta bayan kun riga kun biya, ku nemi kuɗinku a rubuce, ku tafi a ƙungiya, kada ku tafi ɗai-ɗai.

Ga Gwamnati kuwa, ga buƙatunmu:

Na ɗaya, a sa iyakar albashi a cikin doka, wanda bai kai ta ba kada a taɓa masa ko kwabo.

Na biyu, a sa wa'adi. Abin da ya saura bayan wa'adin a yafe, a kuma yafe wa duk wanda ya yi shekara biyar yana koyarwa ko aikin asibiti a ƙauye.

Na uku, kuɗin guzuri ya zama kyauta ga 'ya'yan matalauta da marayu da 'yan gudun hijira. Abinci ba abin da za a bi yaro bashinsa ba ne.

Na huɗu, duk makarantar da ke karɓar kuɗin asusun nan kada ta ƙara kuɗin rajista sai da yardar Majalisa, kada kuma ta hana mai jiran bashi rubuta jarrabawa.

Na biyar, kowane zango a liƙa sunayen waɗanda aka biya wa da adadin da ranar biya a allon makaranta, kowa ya gani. Ma'aikacin da ya riƙe kuɗin yaro, shi ma a yi masa dokar ɗauri irin wadda aka yi wa yaron.

Na shida, a rubuta a doka cewa ba za a taɓa sa kuɗin ruwa a kan wanda ya riga ya karɓa ba, ko da Gwamnati ta sake.

Ya ku iyaye, lokacin magana yanzu ne, tun ba a fara cirewa ba. Waɗanda suka fara karɓa a 2024 suna ajin ƙarshe, wajen 2027 ko 2028 wa'adinsu zai cika, ranar nan kuwa magana ta zama ihu bayan hari. Kowace mazaɓa tana da ɗan Majalisa a Abuja, shi ya ɗaga hannu aka yi dokar nan. Ranar da ya zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, ku zaunar da shi, ku karanta masa buƙatun nan shida, ku tambaye shi a ina 'ya'yansa su ke karatu, nawa ne kuma a ke bin su. In ya amsa, ku rubuta. In ya yi shiru, kun sami amsa.

Allah ya buɗa wa 'ya'yan talakawa, ya raba su da ƙangin bashi, amin.